Ranar da Birkin Obrad Ya Shanye

Akwai wani mai gidan burodi a garinmu, a nan yankin Banat, sunansa Obrad. Mutumin kirki ne, ba ya rowa, ba ya gulma, burodinsa kuma ba wanda ya taɓa kushe shi. Aibinsa guda ɗaya ne. Ya gwammace ya karye da a yi masa dariya. Shi kuwa wajen yi wa mutane dariya, duk garin ba na biyunsa.

Daga narkewar ƙanƙara zuwa faɗuwar ganye, kowace Lahadi Obrad yana bayan gari, a tsohon filin jiragen feshin gona. Tun da jiragen suka daina zuwa, 'yan ƙungiyar masu son gudu da mota suka karɓe filin, suka jera tsofaffin tayoyi, suka fitar da hanya mai zagaye a kan simintin. Ba ƙwararre ko ɗaya a cikinsu. Akwai mai sayar da taki, akwai direban bas, akwai wani limamin coci da yake zuwa a ɓoye. Ba kofi, ba kyauta. Mutum ya zo da motarsa, ya sa hular kwano, ya yi ta zagaye har man ya ƙare, a ci romon wake, a watse.

Wuri mafi haɗari a hanyar shi ne ƙarshen titin jirgin. Mutum zai taho a miƙe da iyakar gudun motarsa, sai ga wata muguwar kwana ta hagu da ake kira Gwiwa. Idan ka wuce Gwiwa ba ka juya ba, gona ce a gabanka. Manomin da ke da ita ba ya shuka komai a wannan gefen, sai dai ya bi ta da garma ta yi laushi kamar gari, bisa sharaɗin a riƙa zagayawa da shi a mota idan ya ga dama. Duk motar da birki ya ƙi, ta miƙe cikin ƙasar nan, sai ta nutse har ciki ta tsaya. Mai ita ya fito yana kakkaɓe ƙura, tarakta ta jawo shi, shi ke nan.

To, a kan gonar nan Obrad ya ƙirƙiro wasansa. Ya samo wata ƙatuwar ƙararrawar shanu, ya kafa doka cewa duk wanda tayoyinsa huɗu suka bar siminti, za a ɗaure masa ita da waya a ƙarƙashin bambar baya. Da ita zai koma gida, ta tsakiyar gari, kuma ba zai cire ba sai wani ya gaje shi. Mutane suka ji daɗin abin. Kowa ya ɗauki ƙararrawar nan, wani sau ɗaya, wani har ya gaji da ƙirgawa. Obrad ne kaɗai bai taɓa ɗauka ba, kuma ba ya bari a manta.

Wanda ya fi kowa yawo da ita shi ne Veljko, likitan dabbobi, kum ɗin Obrad, wato babban abokin da ya tsaya masa a coci ranar aurensa. Veljko da motar da yake gudu da ita yake zuwa aiki. Idan ya shiga ƙauye ƙararrawa na kaɗawa, sai ka ga shanu sun ɗago kai sun taso bakin shinge.

"Kum, na ji an ce yanzu ba a kiranka a waya," in ji Obrad. "Saniya da kanta take jin zuwanka ta kwanta."

"Aiki ya yi sauƙi," in ji Veljko. "Kada ka karɓe mini ita."

Mutum ɗaya ce ba ta dariyar ƙararrawa, Gwaggo Zorka. Tsohuwa ce gajera, wadda ta yi tseren mota a duwatsu tun tana budurwa, daga baya ta koyar da rabin garin tuƙi. Ita ce malamar ƙungiya. Ba sabon shigan da zai hau hanya shi kaɗai sai ta zauna a gefensa ta ce ya isa. Maganarta ba ta canzawa. Idan birki ya fara laushi, ka faɗa, ka shigo ya huce. Idan ya shanye gaba ɗaya, ka yi masa famfo da ƙafa, ka rage giya, ka miƙe gona, kada ka taɓa sitiyari. Idan kuma mota ta ƙwace ta fara katantanwa, ka daina kokawa da ita, ka danna kulocci da birki tare, ka riƙe har ta tsaya cik. "Ƙafa biyu," haka take cewa. Har ta kan sa a jiƙa wani gefen simintin da ruwa, kowa ya je ya juya motarsa da gangan don ƙafafunsa su saba.

Obrad bai taɓa zuwa wajen jiƙaƙƙen simintin ba. Kullum akwai kullu a kan wuta. Amma ya iya kwaikwayon muryarta sosai. Idan ta ba da baya sai ya ƙanƙance ido ya ce, "Ƙafa biyu, 'ya'yana, ƙafa biyu," a yi ta ƙyaƙyatawa.

Ta taɓa tare shi a bakin tukunyar wake ta ce, "Obrad, wasan nan naka yana koya wa yara tsoron gona. Gonar kuwa don su aka huɗe ta."

"Gwaggo, ai yana koya musu su zauna a kan hanya."

Ta dube shi, ta karɓi kwanonta ta tafi.

Wata bazara Gwaggo Zorka ta ce ta gaji. Wuyanta ya daina ɗaukar jijjiga, tana so ta zauna a gida ta kula da inabinta, ta ɗauki jikarta da aka haifa. Za ta bar kujerar malami ga mutum ɗaya, kuma ita za ta zaɓa. Mutum biyu suka nuna suna so, Obrad da Veljko. Ta ce ranar Lahadi mai zuwa za ta zauna a motar kowannensu, daga nan ta yanke.

Obrad yana son kujerar nan fiye da yadda ya nuna. Shekara da shekaru ana ce masa mai burodi. Yana so wata rana matasan garin su tsaya shiru yana magana, su ce malam ya ce. Kuma a ganinsa maganar ta riga ta ƙare. Shi ya fi kowa gudu, shi ne bai taɓa fita hanya ba, abokin takararsa kuwa mutumin da shanu suka haddace ƙarar motarsa. Kafin ranar Laraba ya gaya wa duk wanda ya sayi burodi. Ya gayyaci surukansa. Ya ce wa matarsa Smilja ta sa rigarta ta zuwa biki.

Ranar Asabar da rana yana ƙofar garejinsa yana goge jar motarsa, sai ga Veljko ya shigo da tasa, ƙararrawa na kaɗawa. Ya fito riƙe da kwalbar man birki biyu da sifana.

"Kum, ajiye tsumman nan ka zo ka taka mini birki. Zan canza mai, kuma ka san aikin mutum biyu ne. Ka taka mini, in taka maka."

Obrad bai musa ba. Wajen taimakon mutum ba ya ƙyuya. Ya shiga motar Veljko, shi kuma ya kwanta a ƙasa wajen taya.

"Taka."

"Na taka."

"Riƙe. To, saki. Taka kuma."

"Kum, motar nan taka warin akuya take."

"Marasa lafiyata ne. Taka."

Haka suka bi tayoyi huɗu har baƙin mai ya gama fita, sabo fari ya biyo. Veljko ya miƙe yana share hannu, ya ɗauki kwalba ta biyu ya nufi jar motar.

"Ina za ka?" in ji Obrad.

"Taka ce ta rage. Yaushe rabonka da canza shi?"

"Bar ta. Yanzu na gama goge ta, za ka ɗiga mini mai a fenti."

"Zan shimfiɗa tsumma. An ce gobe za a yi zafi, kuma ka san tsohon mai ruwa yake sha. Da ya ji wuta sai ya tafasa."

"Naku ne yake tafasa, ku da kuke kwana a kan birki. Ni taɓa shi kawai nake."

"Kum, ba don takara na zo ba. Gwaggo ce za ta zauna a ciki."

Wannan maganar ce ta ɓata komai. Obrad ya ji kamar ana nufin bai iya kula da motarsa ba. Ya kuma hango gobe, bayan ya ci, Veljko yana gaya wa mutane cewa ai shi ya gyara masa birki. Ya yi murmushi ya dafa kafaɗarsa.

"Ajiye kwalbarka. Idan saniya ta ƙi tsayawa ka ɗura mata."

Veljko ya ajiye kwalbar a kan teburin garejin, ya ce ko zai canza shawara, ya tafi.

Lahadi ta zo da zafi tun da hantsi. Simintin yana ta hucin wuta. Mutane sun cika bayan shingen tayoyi a gefen titin jirgin, rabinsu masu sayen burodin Obrad ne. Smilja ta zo da rigar biki da laima. An ɗora tukunyar wake, manomi ya kawo taraktarsa ya ajiye a inuwa.

Veljko ne ya fara. Tuƙinsa ba abin kallo ba ne, ba ya ƙara, ba ya hayaƙi. Bayan 'yan zagaye sai aka ga ya rage gudu da kansa, ya yi zagaye ɗaya a hankali kamar mai raka gawa, ya shigo.

"Har ka gaji?" Obrad ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Ko an kira ka wata saniya ta fara naƙuda?"

"Birki ya ɗau zafi," in ji Veljko. "Na shigo ya sha iska."

Aka yi dariya. Gwaggo Zorka ta fito daga motar Veljko. Ta sha ruwa, ta gyara hular kwanonta, ta shiga jar motar, ta ja bel ta ɗaure.

"Ka ɗauka ni sabuwar shiga ce," ta ce wa Obrad. "Ka yi tuƙinka, ka riƙa gaya mini duk abin da motar take gaya maka."

Gaskiya Obrad ya iya tuƙi. Zagayen farko motar ta bi hanya kamar an zana mata. Bakinsa kuma bai huta ba. Nan ake ɗaga ƙafa, nan ake kallon ƙarshen kwana ba bakin bonet ba, nan akwai ɗan rami, a bar shi a hagu. Ya saci kallon Gwaggo ya ga tana gyaɗa kai. Zuciyarsa ta yi fari. Duk sanda suka wuce gaban mutane sai ya ƙara wuta, ya jinkirta taka birki har sai Gwiwa ta zo dab da hanci.

Ana cikin haka ya ji birkin ya ɗan yi nisa. Da can da ya ɗora ƙafa yake kamawa. Yanzu sai ya danna ya shiga kafin ya ji shi. Ya ce a ransa ƙila takalminsa ne. A zagaye na gaba ya ƙara nisa, ya yi laushi kamar kullun da ya tashi. Obrad ya san abin da wannan yake nufi, ya sha jin Gwaggo tana faɗa. Sai ya fara dabara. Kafin kowace kwana ya ɗan danna birkin sau biyu a ɓoye don ya taso, bakinsa kuma yana ta bayanin ramuka.

"Yaya motar?" in ji Gwaggo Zorka.

"Lafiya lau, Gwaggo. Kamar yau aka ƙera ta."

Suka sake zagayowa. Wani wari mai ɗaci ya shigo ta taga.

"Warin me nake ji?"

"Na motar kum ne, bai gama bajewa ba."

Ta juyo ta kalle shi, sannan ta kalli ƙafarsa. "Ba abin da kake so ka gaya wa ɗalibarka?"

Maganar tana bakinsa. Kalma huɗu ce, birki ya yi laushi. Amma yanzun nan ya gama yi wa Veljko tsiya a gaban jama'a a kan wannan abin. Ya ce, "Babu, Gwaggo."

"To, ya isa. Ɗaga ƙafa. Mu yi wannan zagayen a hankali mu shiga."

"To."

Da gaske ya yi niyyar bin maganarta. Amma suna fitowa kan titin jirgin ya hango mutane sun miƙe tsaye, surukinsa yana kaɗa hula, Smilja tana ɗaga laima. Ya ce a ransa, wannan miƙen kaɗai, daga Gwiwa sai in lallaɓa. Ya danne totur har ƙasa.

"Obrad, na ce ka ɗaga ƙafa."

"Yanzu, Gwaggo."

Suka wuce mutane kamar iska. Da ya iso inda ya saba taka birki, ya taka. Ƙafarsa ta tafi har ƙasan mota ba ta gamu da komai ba.

Gwaggo Zorka ba ta yi ihu ba. Ta ce, "Famfo. Yi ta yi. Rage giya."

Ya yi famfo, ya saki, ya danna, ya saki, ya danna. Ya sauko da giya ɗaya, injin ya yi kuka, ya sauko da wata. Birkin ya ɗan dawo, kaɗan, a can ƙasa. Gudun ya ragu, amma bai kai na shiga Gwiwa ba, ko kusa.

"Yawwa. Yanzu miƙe. Riƙe sitiyari, miƙe gona."

Gonar tana gabansa, a buɗe, baƙa, mai laushi. Ba bishiya, ba rami, ba kowa. Abin da ake so ya yi shi ne kada ya yi komai. Amma a ɗan wannan lokacin Obrad bai ga gona ba. Ya ga jar motarsa tana bin babban titin gari tana kaɗa ƙararrawa, ta gaban gidan burodinsa, yara na biye. Kuma ɗan birkin nan da ya dawo ya ruɗe shi, ya ce masa ƙila za ta shiga.

Ya murɗa sitiyari hagu.

Gaban motar ya shiga kwanar, bayanta ya ƙi. Ya zame ya taho gefe, tayoyi na kuka, duniya ta fara juyawa ta gilashi.

"Ƙafa biyu!" in ji Gwaggo. "Ƙafa biyu, Obrad!"

Ko a nan da sauran dama. Da ya danne kulocci da ɗan birkin da ya rage, da motar ta yi katantanwarta a kan siminti tana cin gudunta, ta tafi inda ta nufa ta tsaya. Amma ƙafafun Obrad ba su taɓa yin wannan ba, bakinsa ne kawai ya iya. Abin da suka sani shi ne totur. Ya mayar da sitiyari dama da ƙarfi, ya ba ta wuta don ya ƙwato ta. Tayoyin suka kama siminti farat ɗaya, motar ta fizge ta juya ɗaya gefen, ta bar hanya a kaikaice.

Ƙasar nan mai laushi, idan mota ta shige ta da gaba, rungume ta take. Idan ta zo mata da gefe, taɗiye ta take. Tayoyin dama suka nutse, motar ta tashi, ta yi adungure, ta sake yi, ta faɗi a kan gefen da Gwaggo Zorka take.

Obrad ya tsinci kansa a rataye da bel, ƙasa cike da bakinsa. Injin ya mutu. Yana jin ɗigar wani abu a kan ƙarfe mai zafi.

"Gwaggo?"

Shiru. Sannan daga ƙasansa ya ji muryarta, a hankali. "Kashe makulli. Kada ka kwance bel, za ka faɗo mini a kai."

Veljko ne ya fara isowa, a guje, da abin kashe wuta a hannu. Mutane suka taru suka riƙe motar, aka zaro Obrad ta taga, sannan aka fito da Gwaggo a hankali. Hannunta na dama yana lilo yadda hannu ba ya yi. Veljko ya cire rigarsa ya ɗaure mata shi a jiki.

"Yi haƙuri, Gwaggo, ban saba da masu ƙafa biyu ba."

"Ɗaure dai," ta ce. Goshinta duk zufa.

Motar asibiti ta zo ta tafi da ita. Obrad ba abin da ya same shi sai kumburin leɓe. Tarakta ta jawo jar motar, rufinta ya lotse, gilasai sun zube, taya ɗaya ta kalli sama. Ba wanda ya yi maganar ƙararrawa, don ba sauran inda za a ɗaura ta. Wake ya huce a tukunya. Smilja ta naɗe laimarta ta kai iyayenta gida.

Kwanakin da suka biyo baya Obrad ya sami abin faɗa. Duk wanda ya tambaya a gidan burodi sai ya ce, "Birki ne ya shanye. Ƙarfe ba shi da amana." Mutane suka yi ta jajanta masa, wasu har suna yaba yadda ya yi ta kokawa da motar. Ya yi ta faɗa har shi ma ya fara yarda. Ya kuma fara tunanin cewa maganar kujera ba ta mutu ba, tunda kowa ya ga irin tuƙin da ya yi kafin tsautsayin.

Da aka sallamo Gwaggo Zorka, ya gasa burek, wato gurasa mai falle-falle da cuku a ciki, irin wanda take so, ya naɗe a takarda ya tafi gidanta. Ya same ta a zaune a ƙarƙashin rumfar inabi, hannunta cikin filasta daga kafaɗa har yatsu. Ƙashin kafaɗa ya karye, tsintsiyar hannu ma haka. 'Yarta tana gefe da jaririya a cinya. Da 'yar ta ga Obrad ta tashi ta shige ɗaki ba ta amsa gaisuwarsa ba.

"Sannu, Gwaggo. Yaya jiki?"

"Ga shi nan. Zauna."

Ya zauna a bakin kujera, ya ajiye burek a tebur. Ya fara, "Gwaggo, wannan birki, ban taɓa ganin irin..."

"Obrad, ni ce fa a cikin motar."

Ya sunkuyar da kai.

"Ka gaya wa masu sayen burodi abin da ka ga dama. Ni na ga ƙafarka tana famfo tun zagaye uku kafin nan. Na tambaye ka, na sake tambaya. Ni ma da laifina, da tun a tambayar farko na sa ka tsaya. Na yi ta jira ne ka faɗa da bakinka, don ina so in ba ka kujerar."

Ya ɗago kai. "Ni?"

"Kai. Ka fi Veljko hannu, ka fi shi ido, kuma yara suna sauraronka idan kana magana. Na shiga motar nan da niyyar in ba ka. Ko da birkin ya shanye ma, da ka miƙe gona, da na fito na ce ga malaminku, ku kalli yadda ake yi."

"Gwaggo, ɗan lokaci ne. Ban san sanda hannuna ya juya ba."

"Na sani. Shi ya sa. Wanda zai zauna kusa da ɗan mutane, ɗan lokacin nan kaɗai ake ajiye shi dominsa. Sauran duk hira ce." Ta gyara zama, ta cije leɓe. "Na ba Veljko. 'Yan ƙungiya sun amince. Kai kuma idan ka sami wata motar kana so ka dawo, za ka dawo a sabon shiga. Ba za ka hau hanya kai kaɗai ba sai ya ce ka isa."

Obrad ya ji fuskarsa ta yi zafi. Ya nemi wata maganar barkwanci da zai rufe wajen da ita, irin wadda ba ta taɓa ƙare masa ba, bai samu ba.

"Ba wata hanya, Gwaggo?"

"Babu."

Daga cikin ɗaki jaririyar ta fara kuka. Gwaggo Zorka ta juya kai wajen ƙofar ta saurara har aka rarrashe ta.

"Me likita ya ce game da hannun?" in ji Obrad.

"Zai haɗe. Amma a shekaruna ba zai ƙara ɗaga abu mai nauyi ba. Yarinyar nan sai dai a ɗora mini ita a cinya."

Ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ce, "Ki yafe mini."

"Zan yafe, amma ba yau ba. Yau hannun yana ciwo." Ta nuna takardar da haɓarta. "Mai cuku ne?"

"Mai cuku ne."

"To, ga wuƙa can. Yanka mini. Ƙanana, da hagu zan ci."

Obrad ya ɗauki wuƙar ya fara yankawa. Ya yanka ƙanana yadda ta ce, ya tura mata wajen hannunta na hagu.

Darasin da ke cikin labarin nan a fili yake. Birki yakan lalace a hannun kowa, mota takan ƙwace wa gwani, wannan ba abin kunya ba ne. Idan ka ji alamar matsala, ka faɗa tun tana ƙarama, ko da za a yi maka dariya. Idan abu ya fi ƙarfinka, ka bi hanyar tsira da aka tanada, kada ka tsaya ceton sunanka. Ka kuma koyi abin da ake yi ranar haɗari tun ranar da ba haɗari, da jikinka ba da bakinka ba, domin idan lokacin ya zo ba a samun damar tunani. Dariyar mutane kwana kaɗan take yi ta wuce. Abin da girman kai ya karya kuwa yakan daɗe, kuma sau da yawa ba a jikin mai girman kan yake karyewa ba, a jikin wanda ya yarda da shi ya zauna a gefensa ne.